Me ya sa ba ma rufe ƙaramar mota da tamfol ɗin tirela

Jiya bayan Alhajin nan na unguwar Aboabo ya tafi ka tambaye ni: "Masta, mutum ya zo da kuɗinsa yana son tamfol mai kauri irin wanda muke ɗinka wa motocin albasa, ga shi akwai a shago, me ya sa ka hana shi? Ba shi ya fi tare ruwa ba?" Lokacin ƙafata na kan keken ɗinki, shi ya sa ban ba ka amsa ba. Jawo benci ka zauna, ɗana.

Gaskiyarka, ya fi tare ruwa. To amma ruwan da ke ɓata mota a Kumasi ba daga sama kaɗai yake zuwa ba. Garin nan damina biyu muke yi, babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, ƙasa ba ta cika bushewa ba. An yi ruwa da dare, rana ta fito da safe, laimar ƙasa ta tashi ta shiga ta ƙarƙashin rufin. Tamfol ɗin roba ba ya numfashi, inda ta shiga nan za ta zauna. Sai motar ta wuni tana gumi kamar tukunyar da aka rufe da murfi. In aka jima a haka fenti ya yi dabbare-dabbare fari, tsatsa ta kama gindin ƙofa, kujeru da kafet su yi fumfuna. Buhun albasa kwana kaɗan zai yi a hanya a sauke shi, kuma iska na kaɗa shi. Motar Alhaji kuwa wata biyu za ta yi tsaye a wuri guda.

Ni kaina na taɓa yin wannan kuskuren ina sabon buɗe shago a nan Magazin, unguwar makanikai. Wani bawan Allah zai tafi aikin Hajji, na ɗinka masa na roba mai nauyi, na ɗaure shi tamau. Da ya dawo muka yaye, warin da ya fito daga motar nan har yau ina tuna shi, rufin sama kuma duk ya dushe. Bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi damuna ke nan. Tun ranar ban ƙara ba.

Saboda haka in mutum ya zo, kada ka fara ɗauko tef. Fara tambayarsa: ina motar take kwana? Kullum ake fita da ita, ko ajiya ce? Ƙasan siminti ne ko turɓaya? Akwai itace a kanta? Wanda ke ajiyewa a gindin mangwaro ko darbejiya, damuwarsa danƙon itace da kashin tsuntsu. Ka ga jemagun da ke tashi daga gidan namun daji kusa da kasuwar Kejetia da magariba? Kashinsu in ya kwana a kan bonet rana ta gasa shi, cin fenti yake yi, wanki ba ya fitar da tabon. Wanda kuma ke fili fetal, rana ce abokiyar gabarsa: ta fasa dashbod, ta busar da robar gilashi, ta sa fitilu su yi rawaya. Shi wannan a ba shi mai launin azurfa ko toka mai haske. Baƙi zafi yake sha.

Yadin da nake so shi ne foliyesta mai shafe a waje, mai laushi a ciki kamar bargon jariri. Za ka ga an rubuta 150D, 210D ko 300D a jikin bandir, kaurin zaren ke nan. Na 150 ba ya jure ranarmu, ka ga ya fara barbaɗewa a hannu. Daga 210 zuwa 300 ya isa, mace ma za ta iya ɗagawa ita kaɗai. Gwajin ba wuya: zuba ruwa a kai, in ya dunƙule ya gangara, madalla. Sannan kai shi bakinka ka hura. In iska ba ta wucewa ko kaɗan, dole mu buɗe masa tagogi biyu a gefe, mu ɗinka musu leɓe a sama yadda ruwa ba zai shiga ba amma tururi zai fita. Zare kuma na foliyesta, rana ta fi saurin cin na nailan. Ɗinki layi biyu, kuma kada gami ya faɗo a tsakiyar rufin mota inda ruwa ke kwanciya.

Awo shi ne inda yara ke kasala. Rufin mota irin waɗanda ake sayarwa a leda an rubuta M, L, XL, ai ba a kan motar mutum aka yanka su ba. Vitz ba ta kai mita 4 ba, Corolla ta haura mita 4 da rabi, Land Cruiser na neman mita 5. Wanda ya yi yawa iska ce za ta riƙa kaɗa shi yana dukan fenti dare da rana, wanda ya matse kuma a kusurwar bamba zai yage. Auna har madubin gefe ka yi masa aljihu, ka dubi eriya. Roba a kalmasa gaba da baya, madauri biyu su ratsa ta ƙarƙashin mota, maɓallinsu na roba, don ƙarfe karce yake yi. Guguwar farkon damina ba ta barin rufin da ba a ɗaure ba. Kuma kada ya ja ƙasa: bar kamar taƙi guda, iska ta samu hanya, ɓera ma kada ya samu ɗakin da zai zauna yana cin wayoyi.

Sai abin da za ka faɗa wa mai mota da bakinka, ko bai tambaya ba. Kada ya rufe mota da ƙura a jikinta, musamman da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Ƙurar nan tsakanin yadi da fenti samfefa ce. Kada ya rufe ta a jiƙe, kada ya rufe salansa na da zafi. In sabon fenti ne daga wurin masu feshi, ya bari ya yi aƙalla wata guda yana shan iska. Ko ajiya ce, duk mako a yaye ta sha rana na awa ɗaya ko biyu. Direban tasi da ke fita asuba ya dawo dare da mota buɗu-buɗu, ni ba na sayar masa da cikakken rufi, abin tare gilashin gaba ya ishe shi.

Alhaji zai kawo motar bayan la'asar. Kai za ka auna, ni ina kallo. Ɗauko tef da alli, ka duba ko bandir ɗin 300 mai toka zai kai.