Kuɗin hutun yara ne, Yaya ya ce a ba ejan ya kawo Hajiya

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Manchester, ga abin da ya ce a taƙaice:

"Malam, ina aikin kula da tsofaffi a nan Ingila tun 2022, ni da maiɗakina da yara uku. Tun zuwanmu yaran ba su taɓa fita daga garin nan ba, kullum aka dawo hutu sai abokansu su yi ta ba su labarin inda suka je. Na yi ta tari har na haɗa fam 900 don in kai su yankin tafkuna na Lake District, kwana uku a dogon hutun Agusta. Da na faɗa wa Yayana a Kano sai ya ce ba ni da tausayi, zan je kallon ruwa alhali Hajiya ba ta taɓa ganin autana da aka haifa a nan ba. Ya ce ya samo ejan da zai yi mata biza. Ejan ɗin zai zuba kuɗi a asusunta na ɗan lokaci, ya rubuta cewa tana da kanti, ni kuma in turo kuɗin da takardar gayyata da takardun albashina. Yanzu ƙannena ma ba sa ɗaukar wayata. Kuɗin cefane kuwa ban taɓa fashin turawa ba. Barci ya gagare ni. In fasa tafiyar?"

Ɗan'uwa, kada ka fasa. Kuma ko sisi kada ka tura wa ejan ɗin nan, ko takarda ɗaya mai sunanka kada ta shiga hannunsa. Da wannan zan fara, don shi ne abin da zai iya rusa maka gida, ba tafki ba.

Abin da ya ce zai yi, wato zuba kuɗi a asusun Hajiya da ƙirƙira mata kanti, shi ne ainihin abin da jami'an biza suka fi sani. Tsohuwar da asusunta bai taɓa riƙe fiye da kuɗin cefane ba, rana ɗaya miliyoyi su faɗo ciki sati uku kafin a nemi biza, ba sai an yi dogon bincike ba, takardar bankin da kanta za ta tona. Idan an yi sa'a, a hana bizar kawai, kuɗin neman da ya haura fam 100 ya tafi, tare da abin da ejan ya karɓa. Idan kuma jami'in ya rubuta cewa an yi yaudara, doka ta ba shi damar rufe mata ƙofa har shekara 10. Ka lissafa shekarun Hajiya, ka ɗora 10 a kai. Bizar ziyara kuma galibi ba a ɗaukaka ƙara a kanta, kuma da wuya a karɓi uzurin cewa ejan ne ya cika fom ɗin, tun da sunanta ne a kai, ita ta dangwala yatsa.

Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Akwai wata baiwar Allah da aka rubuta mata sana'ar da ba ta san da ita ba, aka tuntuɓi inda aka ce tana aiki, suka ce ba su taɓa jin sunanta ba. 'Yarta na nan ta haihu har sau biyu uwar ba ta taka ƙasar ba. Na ga wani da ya tura wa ejan hoton fasfo da takardun albashinsa, daga baya ya gano an yi amfani da su wajen gayyato mutanen da bai taɓa gani ba. Ejan ya canza layin waya, shi kuwa adireshinsa na nan a fayil. Kai da kake jiran cikar wa'adinka don neman takardar zama ta dindindin, wadda ake duba gaskiyar mutum da halinsa kafin a bayar, me zai kai ka haɗa sunanka da takardar bogi? Ejan na Kano, hukumar Birtaniya ba ta da iko da shi. Kai ne a hannunsu.

Idan kana son Hajiya ta zo, kuma ya kamata ta zo, hanyar ba ta buƙatar ɗan tsakiya. Ana cika fom a shafin gwamnatin Birtaniya, ta je cibiyar biza a Abuja ko Legas a ɗauki hoto da zanen yatsu. Doka ta yarda kai ka ɗauki nauyinta, don haka babu dalilin kumbura asusunta. Ka faɗi gaskiya: ba ta da kasuwanci, kai za ka biya jirgi da ci da sha, ga albashinka, ga takardar hayar gidanka, ga abin da zai mayar da ita gida, 'ya'ya da jikoki da gidanta. Ana iya hana ta duk da haka, ba zan ɓoye maka ba, amma hanin da aka yi kan gaskiya ana sake nema bayansa. Kuma kada wani ya rubuta cewa za ta zo ta riƙe muku yara don uwargida ta ƙara awannin aiki, wannan jimla kaɗai ta isa ta kashe takardar. Idan kana buƙatar mai duba maka, ka nemi lauya ko mai rajista da hukumar IAA mai sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice, wadda a da ake kira OISC. A ƙasar nan laifi ne mutum ya ba da shawarar shige da fice a matsayin sana'a ba tare da izini ba, saboda haka ka duba sunansa a rajistar kafin ka biya.

Sai ka yi lissafin da Yaya bai yi ba. Fam 900 ba za ta kawo Hajiya ba. Tikitin jirgi zuwa da komawa a Agusta zai iya lashe kusan dukkanta, ba a zo kan kuɗin biza ba, da inshorar lafiya, wadda tsohuwa ke matuƙar buƙata, domin baƙo in aka kwantar da shi a asibitin gwamnati a Ingila ana cajinsa ninki ɗaya da rabi na kuɗin aikin. Wato ko ka fasa tafiyar, Hajiya ba za ta zo da kuɗin nan ba. Aljihun ejan za su, wataƙila da ɗan lada ga wanda ya haɗa ku. Ban ce Yaya ya ci amana ba. Na ce ka tambaye shi, cikin ladabi, nawa ejan zai karɓa, kuma a ina ya san shi.

Yanzu maganar tausayi. Ina tare da kai a nan, kuma ba na jin kunyar faɗa. Mutumin da ke ɗaga tsofaffi yana musu wanka awa goma sha biyu a tsaye, yana tura cefane duk wata, ba shi ne za a koya wa zumunci ba. 'Yan'uwanmu a gida da yawa sun ɗauka duk wanda ya haye teku ya zama rijiya, kowa ya zo da gugarsa, ba mai tambayar ko ruwan ya ja baya. Haƙƙin mahaifiya babba ne, babu mai musu. Amma matarka da 'ya'yanka su ma haƙƙi ne a wuyanka, kuma ciyar da su da faranta musu ba almubazzaranci ba ne. Yaran nan sun tashi a ɗaki mai ƙunci, rabin shekara duhu da sanyi, uba na aikin dare, uwa na fama ita kaɗai babu kaka babu gwaggo. Kwana uku su ga ubansu ba ya cikin rigar aiki, wannan ba abin da za ka nemi gafarar kowa a kai ba ne.

Abin da na lura a wasiƙarka shi ne, ba ka faɗi abin da Hajiya ta ce ba. Yaya ya ce, ƙanne sun yi fushi, ita fa? Ka kira ta kai tsaye, lokacin da ka san tana ita kaɗai. Ka gaya mata kana son ta zo, ka faɗi lokacin da kake ganin za ka iya, ka bayyana mata cewa hanyar ejan za ta iya hana ta ganin jikokinta shekara 10. Sau da yawa iyaye mata ba su ma san ana yaƙi da sunansu ba. Shi kuma Yaya kada ka yi masa rashin kunya, yayanka ne. Ka ce, "Yaya, na ji, in sha Allahu Hajiya za ta zo, amma ni zan cika mata takardun da hannuna." Ka tsaya a nan. Ƙannen da suka daina ɗaukar waya za su ɗauka ƙarshen wata. Nan gaba kuma ba kowane shiri ake kai wa zauren WhatsApp na dangi ba, kuma ka roƙi uwargida ta rage ɗora hotunan tafiya a sitatus.

To, ga tafiyar. Fam 900 za ta isa mutum biyar kwana uku idan ka kama masauki da wuri, don masauki ne zai ci kaso mafi tsoka. Bowness da Ambleside, da ke bakin tafkin Windermere, a Agusta tsada suke kamar me. Ka duba Kendal, layin jirgin ƙasa ɗaya ne da Windermere, mintuna kaɗan ne tsakani, ko ka nemi ɗakin iyali a masaukan YHA, ƙungiyar masaukan matafiya masu araha, suna da rassa a Ambleside da Keswick, kuma akwai kicin da baƙi ke girki da kansu. Kicin ɗin nan shi ne sirrin. Naman halal yana wuyar samu a yankin, abincin gidajen cin abinci kuma zai cinye kuɗinka a kwana biyu. Ku yi cefane a Cheetham Hill ko Longsight kafin ku tashi, uwargida ta yi miya mai kauri da dambun nama a zuba a kula, a riƙe shinkafa da taliya da yaji. Kuma ka kula, 'yan damfara ba a harkar biza kaɗai suke ba. Duk gidan haya da ka gani a Facebook da araha mai ban mamaki, mai shi na cewa ka tura kuɗi ta banki yanzu-yanzu kafin wani ya riga ka, ka bar shi. Ka biya ta shafin da aka sani, da kati.

Daga Manchester zuwa Windermere ta jirgin ƙasa bai kai awa biyu ba, wani kai tsaye, wani a canza a Oxenholme. Ka sayi katin rangwame na Family & Friends Railcard, yana rage wa manya kashi ɗaya cikin uku, yara kashi 60 cikin 100, wanda bai kai shekara 5 ba kuma kyauta yake shiga. Tikitin da aka saya makonni kafin tafiya ya fi araha nesa ba kusa ba. In ka isa ba ka buƙatar mota, kuɗin ajiye ta ma abin takaici ne. Bas mai lamba 555 yana bi ta Kendal, Windermere, Ambleside, Grasmere har Keswick, mai lamba 599 kuma a lokacin zafi samansa a buɗe yake, yara za su ɗauke shi a matsayin wasa.

Mafi yawan abin da ake zuwa gani kyauta ne. Daga tashar jirgin Windermere ana hawa tudun Orrest Head cikin kusan minti 20 zuwa 30, daga sama ana hango tafkin, wanda shi ne mafi girma a Ingila, tsawonsa ya haura mil 10. A Keswick akwai ɗan yawo a bakin tafkin Derwentwater zuwa Friar's Crag, ko da keken jariri ana zuwa. Abu ɗaya da zan ce ka biya ba tare da ƙyashi ba shi ne jirgin ruwa daga Bowness zuwa Ambleside, kusan rabin awa, shi yaran za su riƙa ba da labari a makaranta. Scafell Pike, dutse mafi tsawo a Ingila mai mita 978, ka bar wa masu takalman hawa, ba wurin yara ba ne. Ku tafi da rigunan ruwa ko da an ce za a yi rana, don yankin na cikin mafi yawan ruwan sama a ƙasar. Kuma ruwan tafkin yana da sanyi ko a Agusta, sanyin da ke ɗauke numfashin ƙato balle yaro, gaɓar kuma tana zurfi ba zato. Wanda bai iya iyo ba, iyakarsa idon sawu, hannunsa cikin naka. Salla kuwa, tazarar ta wuce ta ƙasaru, kwana uku kuma ba su kai ka zama mazauni ba, sai dai ka riƙe darduma da jadawalin lokuta a waya, don samun masallaci a ƙauyukan nan ba abu ne mai sauƙi ba.

Abubuwa biyu da suka shafi takardunka. Za ka ga farashi ya faɗi a tsakiyar Satumba, zuciya ta ce a cire yara daga makaranta. Kada ka yi. Tun Agustan 2024 tarar fashin makaranta a Ingila fam 80 ce kan kowane yaro, kan kowane mahaifi, ta zama 160 idan aka wuce kwana 21. Yara biyu 'yan makaranta, kai da uwargida, fam 320 ke nan idan aka ci ku tara, arahar ta koma asara. Idan Agusta ta yi maka tsada, ka duba ɗan hutun ƙarshen Oktoba. Na biyu, hutun aikinka. Mai cikakken aiki yana da haƙƙin kwana 28 a shekara da albashinsa, amma ka nema a rubuce da wuri, ka ajiye amsar manaja. Kai da bizarka ke rataye da kamfani, ba ka tafiya kan "ai na faɗa masa da baki". Kada kuma ka ce za ka kama aikin bayan fage na kuɗi a hannu don ka haɗa kuɗin tafiya da na Hajiya lokaci ɗaya. Idan kana son ƙari, ka nemi ƙarin awanni a wurin da ya ɗauki nauyinka. Ita tafiyar kanta cikin Ingila take, ba ta taɓa lissafin kwana 180 na zama a wajen ƙasa da ake dubawa wajen neman zama na dindindin, ba ka buƙatar sanar da ofishin kowa.

Da kun dawo, ka buɗe wani asusu daban na zuwan Hajiya, ka riƙa zuba abin da ya sawwaƙa duk wata. Bayan wata shida ko shekara, takardar wannan asusun ita za ka haɗa da fom ɗinta, kuma ka nemi lokacin da tikiti ya sauka, ba Agusta ko Disamba ba. In ka zo cikawa ka sake rubuto mini, mu bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya.