Toshe manhaja yana aiki, amma kada lambar buɗewa ta zauna a hannunka

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka, inda ka ce waya tana cinye maka yini, ka sha goge manhajojin kallon bidiyo amma kafin kwana uku ka mayar da su, kuma ba za ka iya rabuwa da WhatsApp ba saboda ta nan masu sayen kayanka suke samunka. Ka tambaya ko toshe manhajoji yana da amfani ko kuwa ɓata lokaci ne. Amsata ita ce yana da amfani ƙwarai, sai dai ni bai yi mini aiki ba sai ranar da na cire lambar buɗewa daga hannuna na miƙa wa wani.

Ni tela ne a Zariya, kuma abin da ya farkar da ni ya faru ne a cikin azumi, saura kwana tara sallah, lokacin da ɗinki ya taru har ba ma barin shago sai an kusa sahur. Wani dattijo da ya daɗe yana kawo mini aiki ya kawo shadda mai tsada, na shimfiɗa ta a kan teburin yanka, wayata tana kan littafin awo bidiyo yana tafiya. Ina duba awon, ina leƙa wayar, har na sa alli a inci 38 a wurin da ya kamata na sa 43, domin idona ya sauka a layin wani mutum daban. Sai da almakashi ya ratsa yadin daga wannan baki zuwa wancan sannan na gane. Na biya kuɗin shaddar, kuma dattijon bai faɗa mini magana mai zafi ba, iyakarsa ya ce Allah ya kiyaye gaba, amma wannan kawaicin nasa ya fi kuɗin yi mini nauyi. A daren ne na fara duba lissafin da wayar take ajiyewa, na ga ta nuna sama da awa bakwai a yini ɗaya, alhali da an tambaye ni da safe cewa zan yi bai wuce awa biyu ba.

Wannan lissafin shi ne wurin farawa, kuma yana cikin wayarka ba tare da ka sauke komai ba. Tun shekarar 2018 kamfanin Google ya sanya wani sashe mai suna Digital Wellbeing a tsarin Android, wanda shi ne Tecno da Infinix da itel da Samsung suke amfani da shi, a shekarar kuma Apple ya fito da Screen Time a iPhone. Idan ka shiga saitin waya ka buɗe shi, zai nuna maka mintunan da ka yi a kowace manhaja, da yawan sanarwar da suka shigo, da sau nawa ka buɗe wayar. Shawarata ita ce ka yi mako guda kana duba shi kowane dare ba tare da ka canza komai ba, domin sau da yawa manhajar da mutum yake zargi ba ita ce take cinye lokacin ba. A cikin sashen ne kuma ake sa wa manhaja ƙa'idar lokaci, misali minti talatin, idan ya cika sai alamarta ta dushe ta ƙi buɗuwa har sai sha biyun dare ta wuce.

Na sa wannan ƙa'ida, kuma ban kai kwana huɗu ba na fara cire ta. A Android hannun da ya sa ƙa'idar shi zai koma saiti ya goge ta cikin ɗan lokaci kaɗan, a iPhone kuwa idan ba a sa lambar sirri ba wayar da kanta za ta ba ka zaɓin ƙarin minti ɗaya, ko minti goma sha biyar, ko yin watsi da ƙa'idar a ranar gaba ɗaya. Mutumin da ya sa ƙa'idar da safe yana cikin natsuwa ba shi ne wanda ya gaji da ƙarfe sha ɗayan dare ba, kuma barin makulli a hannun na biyun tamkar ba kura ajiyar nama ne. Ina so ka fahimci cewa abin bai tsaya ga raunin zuciyarka kaɗai ba, domin na ga alamar kana zargin kanka da yawa. Aza Raskin, wanda ake danganta wa ƙirƙirar shafin da ba ya ƙarewa komai yawan jan da ka yi masa, ya fito fili ya nuna nadamarsa a kan hakan, Tristan Harris kuwa, tsohon ma'aikacin Google, ya kwatanta yadda muke jan fuskar waya don ganin sabon abu da injin caca, wanda rashin sanin abin da zai fito ne yake riƙe mutum a gabansa. Ƙwararru ne suka zauna suka tsara abin don ya riƙe ka, saboda haka ba abin kunya ba ne ka nemi wanda zai taya ka.

Abin da na yi shi ne na sauke manhajar toshewa mai amfani da lambar sirri, akwai su da dama irin su AppBlock, na tsara lokutan da nake so a rufe, sannan na miƙa wa maiɗakina wayar ta sa lambar da ban sani ba. Mai iPhone ba ya buƙatar sauke komai, wani amintacce zai ba wa ya sa lamba huɗu a Screen Time. Bambancin da wannan ya kawo ya ba ni mamaki, domin ba a hana ni buɗewa ba, amma sai na buɗe baki na roƙa, na kuma faɗi dalili. A cikin watan farko sau biyu kacal na nemi ta buɗe mini, kuma na biyun ma tun ina tsakiyar bayani na ji cewa dalilin nawa bai kai ba. Ka zaɓi wanda kake jin nauyinsa amma ba zai yi maka gori ba, ko mata ce, ko wa, ko abokin sana'a.

Akwai ƙofofi biyu da na bari a buɗe da farko. Ta ɗaya ita ce burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, domin duk manhajar da ka toshe tana da shafi a intanet, kuma hannunka zai gano hanyar tun kafin ka yi niyya, don haka a toshe adireshin shafin tare da manhajar. Ta biyu kuwa, wayoyi da yawa suna kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage don tanadin batir, sai ka wayi gari toshewar ta daina aiki, maganinsa a cire manhajar daga jerin waɗanda ake taƙaita wa batir. Sannan ka yi hattara sosai da izinin da irin waɗannan manhajoji suke nema, domin kafin su iya rufe wata manhaja sai an ba su damar ganin abin da ke kan fuskar waya. Kai da kake karɓar kuɗin ciniki ta manhajar banki, kada ka sauke wadda aka turo maka a saƙo, ka ɗauko sananniya daga Play Store kawai.

Batun WhatsApp shi ne ya fi kama da halinka, kuma ni ban toshe shi gaba ɗaya ba, domin hotunan samfurin ɗinki ta nan ake turo mini. Na kashe ƙarar duk zaurukan da nake ciki, na fita daga waɗanda na shekara ban ce komai a cikinsu ba, sannan na ware lokuta uku na amsa saƙo: bayan azahar, bayan la'asar, da bayan isha. Na zaɓi lokutan salla ne saboda dama a nan nake tashi daga kan keke, ba sai na riƙa duba agogo ba. Na rubuta a bayanin lambata cewa mai gaggawa ya kira. Ba zan ɓoye maka ba, akwai mutum biyu da suka kai ɗinkinsu wani wuri saboda ban amsa nan take ba, amma sauran sun saba cikin mako biyu, kuma alkawarin da nake cikawa yanzu a kan kari ya fi saurin amsa saƙo riƙe mini mutane. Wata malamar jami'a a Kalifoniya, Gloria Mark, ta auna ta ga cewa matsakaicin lokacin da mutum yake tsayawa a kan abu ɗaya a fuskar na'ura kafin ya juya zuwa wani bai wuce daƙiƙa 47 ba. Da irin wannan hankalin ba a yanka wuyan riga, kuma ba na jin ana lissafin ciniki da shi.

Daga safe zuwa azahar, lokacin yanka, babbar wayar tana cikin durowa a kulle, ƙaramar waya mai maɓalli ce a aljihuna don kira. Na fara haka ne bayan na ji labarin binciken da aka yi a Jami'ar Texas a 2017, wanda ya nuna cewa waɗanda aka ajiye wa wayoyinsu a wani ɗaki sun fi waɗanda wayoyinsu ke kan tebur ƙoƙari a gwajin tunani, ko da an kife wayar an kashe mata ƙara. Da dare kuma babbar wayar a falo take kwana a jikin caja, ƙaramar ce take tashe ni asuba.

Makon farko yana da wuya, ka shirya masa. Hannuna yakan tafi aljihu da kansa duk lokacin da zare ya tsinke ko aka ɗauke wuta, sai na ji wani irin ƙunci da ban san daga ina yake ba. Na mayar da rediyo shago, na koma hira da yaran da ke koyon aiki, waɗanda a da nake gyara musu kuskure idona yana kan waya, kuma sai a lokacin na lura ƙaramin cikinsu yana riƙe almakashi a karkace tun zuwansa. Na taɓa komawa ruwa bayan sallah da aiki ya yi sauƙi, na sa aka buɗe mini na kwana uku, kwana ukun suka zama mako uku, sai muka sake rufewa da sabuwar lamba. Yanzu ina tsakanin awa biyu zuwa biyu da rabi a yini, mafi yawansa na ciniki ne, kuma datar da a da ba ta kai ni mako biyu tana kai ni ƙarshen wata, abin da na ji daɗinsa sosai tun da aka ƙara kuɗin kira da data a farkon 2025.

Idan ka duba lissafin naka na mako guda, ka dawo ka faɗa mana manhajoji uku da suka fi cin lokacin da kuma irin wayar da kake riƙe da ita, in sha Allahu zan nuna maka inda ake shiga a saita kowanne.