Tambaya da Amsa: Zan sayar da ƙaramar motar gidana in ɗauki babba ta hannu, wacce ta fi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni direban tirela ne a Houston jihar Texas, na daɗe a ƙasar nan. Ina da motar gida irin wadda suke cewa RV, wato mota mai wajen kwana da kicin da banɗaki a cikinta, ƙarama ce Class C ƙafa 26 mai shan fetur, da ita muke fita da iyali in an yi hutun makaranta. Toh yanzu yara sun girma, su huɗu ne kuma babbar ta zama budurwa bai kamata ta ci gaba da kwana waje ɗaya da ƙannenta maza ba, ga Hajiya mahaifiyata tana zuwa mana lokacin zafi, wallahi matsi ya yi yawa. Na ga guda biyu na hannu duk masu shan gas wato dizal. Ɗaya Newmar Mountain Aire ce ta 2008 ƙafa 45, a wajen dillali take, cikinta kamar fada kuma mil dubu 38 kacal ta yi, amma ya ce babu takardun gyaranta. Ɗayar Tiffin Phaeton ce ta 2015 ƙafa 40, wani dattijo ne zai sayar da kansa, ta yi mil dubu 70 kuma ta fi tsada sosai sai na ƙara da bashin banki. Zuciyata tana kan ta farkon gaskiya. Sannan ina tunanin in na yi ritaya in kawo ta gida Najeriya. Dan Allah a ba ni shawara.

Daga mai karanta ku kullum, Houston

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya raya zuri'a ya ƙara wa Hajiya lafiya. Tun daga maganar babbar 'yarka na gane buƙata ce ta gaske ta taso ka ba son a gani ba, shi ya sa zan faɗa maka abin da nake gani ba ɓoye ɓoye.

Abu na farko da nake so ka cire a ranka shi ne wai in mota ta fi tsawo ta fi ɗaukar mutane. A wannan harkar sau da yawa akasin haka ne. Manyan motocin alfarma irin Mountain Aire an ƙera su ne don miji da mata da suka yi ritaya suna yawo su biyu, duk tsawon nan ya tafi ne a ƙaton ɗakin kwana ɗaya da banɗaki da wajen ajiye kaya da injin wanki, sai ka tarar ƙafa 45 amma gado na gaske ɗaya ne, saura kujerar falo ce da ake warewa. Ƙaramar Class C ɗinka mai gado a saman direba tana iya fin ta wajen kwana. Ku bakwai ne fa in Hajiya ta zo. Don haka kafin ka kalli tayil ɗin ƙasa da kujerun fata ka kwashi iyalin duka ku je, kowa ya nuna inda zai kwanta, a ga ko akwai ƙofa ko labule da zai raba 'yan mata da maza, sannan ka ƙirga bel ɗin kujera ɗaya bayan ɗaya, domin akwai manyan motocin da bel ɗinsu bai kai bakwai ba kuma na kan doguwar kujera yawanci na ƙugu ne kawai. Ka sa a shigar da ɗakunan gefen motar da ke zamewa waje don ƙara fili in an tsaya su koma ciki yadda ake tafiya a kan titi, ka ga ko yaro zai iya wucewa banɗaki ko a buɗe firji a haka. Dillali kullum a buɗe yake nuna ta saboda a nan take burgewa, amma awannin da za ku yi a hanya a rufe za ku yi su. Hajiya ma ta gwada hawa matakalar da kanta, ƙofar waɗannan motoci tana da tudu.

Akwai kuma abin da ya shafe mu da Bature mai ƙera motar bai sa a lissafi ba, ruwa. Gidan da ake alwala sau biyar ana tsarki da buta ba ɗaya yake da gidan da ba a yi ba, mutum bakwai za su shanye tanki da wuri su cika na ƙazanta da wuri. Nan kam babbar mota ta yi maka rana, tankin ruwan irin waɗannan yakan kai galan 90 zuwa 100, kusan ninki biyu na ƙananan Class C, amma ka duba girman tankin banɗaki shi ma kar ka tsaya a na ruwan sha kawai. Uwargida kuma ta duba murhu da kyau, wasu daga cikin na alfarmar murhun lantarki ne mai kai biyu irin wanda ba ya aiki da tukunyar alminiyom, wanda ba zai ɗauki girkin mutum bakwai cikin daɗi ba.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wato mil dubu 38 ɗin nan da ta ja hankalinka. Kai direba ne ka fi ni sanin injin Cummins da giyar Allison, mil dubu 70 a wajensu ba komai ba ne, tirelar da kake ja ta ninka haka sau nawa. Abin da ke kashe motar gida zama ne ba tafiya ba. Motar 2008 da ba ta kai mil dubu 40 ba ta shafe mafi yawan rayuwarta a ajiye ne, robobi sun bushe, balan balan ɗin iska na ƙafa sun tsattsage, ruwan lagireto ƙila ba a taɓa canza shi ba, gas ya kwana ya kwana a tanki, janareto bai samu aiki ba. Ka duba awannin janareton ma, in ka ga 'yan kaɗan ne a mota mai wannan shekaru ba abin murna ba ne, shi ma so yake a riƙa tayar da shi ana ɗora masa kaya. Kuma sai aka ce babu takardu. Ni a wajena wannan ita ce babbar magana, domin kana sayen abu biyu ne a haɗe, babbar mota da gida, kuma gidan ana girgiza shi a kan titi shekara da shekaru. In babu rasit ko ɗaya da zai nuna yaushe aka canza baƙin mai, yaushe aka liƙe rufi, toh komai kai za ka fara daga farko da kuɗinka. Araha ba ta ado Malam.

Ba ina kushe Newmar ba ne, kamfani ne mai suna, suna Nappanee a jihar Indiana tun 1968 kuma kamfanin Winnebago ya saye su a 2019. Tiffin kuma suna Red Bay a Alabama tun 1972, kamfanin Thor ya saye su a ƙarshen 2020. Duka biyun suna raye ana samun kayan gyaransu, wanda ya fi maka sauƙi a kan irin su Country Coach da suka durƙushe a 2009, motocinsu masu kyau ne amma neman ƙaramin abu na bodi sai ya zama aiki. Don haka ba sunan kamfani ne zai raba maka gardama ba, yadda aka riƙe kowace ɗaya ne.

Maƙiyin motar gida na ɗaya ruwan sama ne. Ka hau rufin da kanka ka bi duk inda aka liƙe, gefen na'urar sanyaya ɗaki da tagogin sama da inda gaban motar ya haɗu da rufi. A ciki ka buɗe kowace durowa ta sama ka shafa ka shinshina, ka taka ƙasa a kusurwoyin ɗakunan da ke zamewa da gefen banɗaki, in ka ji laushi katako ya ruɓe. A waje ka tsaya daga gefe lokacin da rana ta karkata ka kalli bangon, in ka ga ya kumbura ko yana igiya igiya fatar bangon ta rabu da abin da ke ƙarƙashinta, gyaran wannan kuɗi ne mai ciwo kuma ba kasafai yake komawa daidai ba. Tunda a Houston kake kar ka manta da guguwar Harvey ta watan Agusta 2017 da ta nutsar da motoci ba adadi a yankin, duka motocin biyu sun riga ta zuwa duniya, ka bi tarihin lambar VIN wato lambar shaidar motar, ka leƙa akwatunan kaya na ƙasa ko akwai tsatsa da busasshen laka a inda bai kamata ba.

Taya kuma kar zanen ta ya ruɗe ka, ta motar gida tsufa take yi ba cinyewa ba. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke jikin tayar su ne sati da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin sati na 23 a 2019. Michelin da kansu sun ce bayan shekara 5 a riƙa kai wa masani yana dubawa duk shekara, in ta kai 10 a cire ko da tana kyalli, masu motocin da yawa ma ba sa bari ta wuce 7. Mai ƙafa 45 tana da ƙarin gatari a baya, taya 8 ke nan maimakon 6, dubban daloli ne a zama ɗaya, ga batura kusan rabin dozin ko fiye su ma suna da ranarsu.

Wajen inji akwai ɗan bambanci da ka riga ka sani daga aikinka, dokar hayaƙi ta Amurka ta ƙara tsanani a 2007 aka sa matatar toka a salansa, a 2010 kuma aka shigo da ruwan DEF mai rage gubar hayaƙi. Ta 2015 tana shan DEF, ta 2008 ba ta sha. Wasu suna neman tsofaffin saboda haka, ni ban ga dalilin da zai sa wannan kaɗai ya sa ka rufe ido a kan rashin takardu ba.

Sai tsawo. Ƙafa 45 ita ce iyaka a yawancin jihohi kuma tana rufe maka ƙofofi. A gandun shaƙatawa na Yosemite a California wuraren kwana ba sa karɓar motar gida da ta wuce ƙafa 40, ramin dutsen da ke hanyar gandun Zion a Utah shi ma ba a barin dogayen motoci su bi ta cikinsa, kuma wuraren shaƙatawa na jihohi da yawa an gina su tun motoci ba su kai haka ba. Wasu wuraren 'yan kasuwa kuma suna da dokar shekara 10, in motarka ta girmi haka sai ka tura hoto sun ga dama. Wuta ma ka lissafa, ƙaramarka amfiya 30 take ɗauka wato wat 3,600, waɗannan amfiya 50 suke so wanda ya kai wat 12,000, a zafin Texas in ka faɗa wajen da 30 kawai ke akwai na'urar sanyi ɗaya za ka iya kunnawa cikin biyu ko uku. A ina za ka ajiye ta ma? Unguwanni da yawa a Houston ƙungiyar masu gidaje ba ta yarda a faka irin wannan a ƙofar gida, sai haya duk wata kuma da tsawo ake biya. Maganar lasin, kai ba ka da matsala da CDL ɗinka na tuƙin manyan motoci, amma in uwargida za ta riƙa karɓar ka a hanya, a Texas motar da nauyinta a takarda ya wuce fam 26,000 sai da lasin Class B na manyan motoci, kuma duka biyun sun wuce.

Toh wacce? In dattijon nan ya fito maka da fayil ɗin rasitai kuma ku bakwai kun samu wajen kwana da bel, ta 2015 ta fi kwanta min nesa ba kusa ba. Ka zauna da shi ka tambaye shi me ya taɓa lalacewa, mutumin da ya kula da motarsa zai ba ka labari har ka gaji. Amma maganar bashin ce ta tsaya min. Bashin motar gida ana jan sa shekara 15 har 20 da kuɗin ruwa a kan abin da darajarsa ke sauka kullum, ga hukuncin riba wanda ya kamata ka zauna da malamin da ka amince da shi a kai kafin ka sa hannu. In kuɗin hannunka bai kai ba ina roƙonka kar ka koma wa ta 2008 don huce haushi, ka nemi ta uku, ƙafa 38 zuwa 40 mai gadajen yara masu hawa biyu ko da adonta bai kai na waɗannan ba, ita ce ma aka yi don iyali irin naka. Kuma ko wacce ka ɗauka ka ware kamar dala dubu 15 gefe ɗaya na shekarar farko, kar ka zuba duka a saye.

Kafin ka biya ko sisi ka ɗauko mai duba mota mai zaman kansa, akwai masu takardar NRVIA wato ƙungiyar masu duba motocin gida, kai za ka biya shi ba mai sayarwa ba, ya yini a kanta ya kunna komai ya ɗebi baƙin mai da man giya da ruwan lagireto a kai gwaji. Ɓangaren inji da burkin iska kuma ka kai wa makaniken manyan motoci da ka sani. Ka hau sikelin auna manyan motoci na CAT da ita kamar yadda kake yi da tirela ka kwatanta da nauyin da aka rubuta a takardar jikinta, ka ga nawa ya rage na mutane da ruwa da kaya. Duk mai sayarwar da ya ƙi a duba ka yi masa sallama.

Maganar kawo ta gida kuwa ban ba ka shawara ba. Komai na cikinta wutar Amurka yake ci mai bolt 120, tamu 230 ce, injin kuma tun daga 2007 an yi shi ne don gas mai ƙarancin sulfa sosai, in ya sha wanda ba shi ba matatar salansar ce za ta fara toshewa. Cikinta yana kusa da ƙasa ga dogon baya, ramuka da tudun rage gudu za su cinye ta, gilashin gaba kaɗai in ya fashe sai an yo odar sa daga can. In lokacin ritaya ya zo da rai da lafiya ka sayar da ita a Texas inda take da kasuwa ka taho da kuɗinka.