Wa ke ɗora magajin garin Milan a kan kujera?

Tambaya: Malam, ina bin labarin ƙwallon Italiya, kuma duk lokacin da aka tashi maganar filin San Siro sai in ji an ce magajin garin Milan ya ce kaza. Shin gwamnatin Roma ce ke naɗa shi, ko jama'a ne ke zaɓensa? Kuma tun yaushe ake yin haka?

Amsa: Mutanen Milan ne ke zaɓensa da ƙuri'unsu, amma wannan tsari bai daɗe ba. A 1993 aka fara shi, kuma kunya ce ta haife shi.

A lokacin da ake haɗe Italiya ta zama daula ɗaya, magajin garinta na farko, Antonio Beretta, ya hau a 1860 ne da naɗin sarki. Sai a wajejen 1889 aka bai wa majalisun manyan birane damar zaɓen magajin gari daga cikin kansilolinsu. Ta wannan hanya ce Emilio Caldara, ɗan gurguzu, ya hau a 1914. Mussolini ya zo ya share duka: daga 1926 babu zaɓaɓɓiyar majalisa, babu magajin gari, sai wani kantoma da gwamnati ke ɗorawa, wanda suke kira podestà. Bayan yaƙin duniya na biyu, Antonio Greppi ya karɓi birnin a 1945, aka kuma koma tsohon salo: jama'a su zaɓi kansiloli, kansiloli su zaɓi magajin gari.

To a nan gizo ke saƙar. Tunda kansiloli ke ɗorawa, su ke saukewa, kujerar ta zama kayan cinikin jam'iyyu. Shugabanni su shiga ɗaki su raba muƙamai, mai ƙuri'a kuwa sai ya ji sakamako a rediyo. Ran 17 ga Fabrairu 1992 aka kama Mario Chiesa, ɗan jam'iyyar gurguzu mai shugabantar wani gidan kula da tsofaffi a Milan, da cin hancin lira miliyan 7. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma da masu bincike suka ja zaren sai rigar duka ta warware. Binciken da aka sa wa suna Mani Pulite, wato hannaye masu tsabta, ya kai har kan tsofaffin magadan gari biyu, Carlo Tognoli da Paolo Pillitteri. Shi Pillitteri ɗin mijin 'yar'uwar Bettino Craxi ne, jagoran jam'iyyar gurguzu. Manyan jam'iyyun ƙasar suka rushe ɗaya bayan ɗaya. Cikin wannan ƙura majalisar ƙasa ta zartar da doka mai lamba 81 a Maris 1993, ta miƙa zaɓen ga jama'a kai tsaye. A Yuni na shekarar Marco Formentini na jam'iyyar Lega Nord ya kayar da Nando Dalla Chiesa.

A birnin da mutanensa suka haura 15,000, sai ɗan takara ya wuce rabin ƙuri'u kafin ya ci. In babu wanda ya kai, na ɗaya da na biyu su sake karawa bayan mako biyu. Mai zaɓe yana iya ba wani ɗan takara ƙuri'ar magajin gari, ya kuma ba jam'iyyar da ba ta goya masa baya ba ƙuri'ar majalisa, duk a takarda ɗaya. Wanda ya ci, yawanci ana cika wa ɓangarensa kashi 60 cikin 100 na kujerun majalisar, wadda a Milan ke da kansiloli 48. Wa'adi shekara 5 ne (da farko 4 ne), kuma sau biyu kawai ake yi a jere.

Amma abin da na fi ganin hikimarsa shi ne an ɗaure magajin gari da majalisa da igiya ɗaya. In kansiloli suka kaɗa masa ƙuri'ar rashin amincewa, su ma sun sauka, sai sabon zaɓe. Kansilan da ya san tasa kujerar za ta tafi, sai ya yi ta maza kafin ya ɗaga hannu. Shi ya sa bayan Formentini Milan ta ga mutum huɗu kacal a Palazzo Marino, fadar magajin gari: Gabriele Albertini daga 1997, Letizia Moratti, mace ta farko, daga 2006, Giuliano Pisapia da ya kayar da ita a zagaye na biyu a 2011, sai Giuseppe Sala, wanda ya sha da ƙyar a hannun Stefano Parisi a 2016 amma ya wuce tun zagayen farko a 2021. Illarsa ita ce majalisa ta yi sanyi, ƙarfi ya taru a hannun mutum ɗaya da mataimakan da shi ke naɗawa.

Af, ɗan Najeriya ko Nijar mazaunin Milan ba shi da ƙuri'a sai ya zama ɗan ƙasa, alhali ɗan Faransa ko Jamus da ke zaune a can yana da ita, saboda ƙasarsa tana cikin Tarayyar Turai.

Batun San Siro kuwa, birnin ne ya sayi filin daga AC Milan a 1935, ya riƙe shi har ya sayar da shi a 2025. Shi ya sa duk maganar rushe shi ko sayar da shi ta riƙa bi ta teburin magajin gari, kafin kansiloli su kaɗa ƙuri'a a kai.