Tambaya da Amsa: Ina da rufin asiri, amma ban ga amfanin rayuwata ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne mai shekara 41, ina da aikin albashi, iyalina suna lafiya, kuma babu wanda yake bina bashi. Duk da haka na fi shekara biyu ina farkawa da tambayar ko mene ne amfanina a duniya. Wani abokina ya ba ni shawarar in riƙa taimakon mutane, sai na fara tura wa mabuƙata kuɗi ta waya duk ƙarshen wata, amma zuciyata tana nan yadda take. Har wani da na biya wa kuɗin magani ya wuce ni a hanya ko gaisuwa babu. Shin da gaske ne hidima ga mutane tana ba rayuwa ma'ana, ko kuwa maganar lallashi ce kawai? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka bai yi kuskure ba, sai dai ina ganin rabin shawararsa ka ɗauka. Kuɗin da kake turawa alheri ne, kada ka daina, amma ka lura cewa aikin yana ƙarewa cikin minti ɗaya, ba ka ga fuskar kowa ba, kuma da wani ne ya danna wayar a madadinka da babu abin da zai canza. Abin da zuciyarka take nema shi ne wurin da za a lura idan ba ka zo ba, shi kuwa wannan ba a samunsa sai mutum ya kai kansa, domin zumunci a ƙafa yake.

Akwai wani dogon bincike da Jami'ar Harvard ta Amurka ta fara a 1938, wanda ya bi rayuwar maza 724 tun suna matasa har tsufansu, kuma babban abin da masu binciken suka yi ta nanatawa shi ne cewa kyawun dangantakar mutum da sauran mutane ya fi dukiya da muƙami nuna wanda zai tsufa cikin lafiya da kwanciyar hankali. A fahimtata, hidima tana warkar da irin damuwarka ne ta wannan ƙofa, wato tana ɗaure ka da wani mutum takamaimai wanda ka san sunansa, ka san ranar da yake jiranka.

Ka dubi Henri Dunant, ɗan kasuwar birnin Janeba na ƙasar Suwizalan. A watan Yuni na 1859 ya tafi arewacin Italiya neman ganin Sarkin Faransa Napoleon na Uku a kan wata harkar kasuwancinsa da ke Aljeriya, sai ya iske an gama gwabza yaƙin Solferino, dubban sojoji suna kwance da raunuka babu mai kula da su. Ba likita ba ne, kuma ba neman ma'anar rayuwa ya kai shi ba, amma ya ajiye abin da ya kawo shi, ya tattara matan garin Castiglione suka riƙa shayar da masu rauni ruwa, suna wanke musu miki, ba tare da tambayar ɓangaren da suka yi wa yaƙi ba. Daga waɗannan 'yan kwanaki ne aka samu ƙungiyar Red Cross a 1863. Haka Abdul Sattar Edhi na Pakistan, wanda ya rasu a 2016 ya bar ɗaya daga cikin manyan ayyukan motocin ɗaukar marasa lafiya na sa-kai a duniya, ya fara ne da jinyar mahaifiyarsa da jikinta ya shanye tun yana ɗan shekara 11, yana yi mata wanka yana ciyar da ita har ta rasu. Dukansu biyun buƙata ce ta tsaya a gabansu suka sa hannu, sai daga baya suka gane cewa aikin rayuwarsu ke nan.

Maganar wanda ya wuce ka bai gaishe ka ba, na san tana da ciwo, amma ba lallai ne butulci ba ne. Sau da yawa kunya ce take hana wanda aka taimaka haɗa ido da wanda ya gan shi a ranar da ya rasa yadda zai yi. Shi kansa Dunant ya karye a kasuwanci a 1867, aka raba shi da kwamitin Red Cross da ya taimaka aka kafa, ya shafe shekaru cikin talauci an manta da shi, sai a 1901 aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya ta farko. Idan godiya ce ma'aunin, to ya yi asarar fiye da shekara talatin.

Shawarata ita ce ka zaɓi abu ɗaya ƙarami wanda ka iya, ka sa masa rana da lokaci, ka riƙe shi wata uku kafin ka yanke hukunci. Idan lissafi ka sani, ka zauna da yaro guda mai fama da shi sa'a ɗaya duk mako, har ka ga ranar da zai ɗago kai daga littafi yana murmushi saboda amsa ta fito a hannunsa. Idan akwai tsohon da ƙafa ta gaza masa, ka zama kai ne mai raka shi asibiti. Kada kuma ka tsallake na cikin gida, domin na sha ganin mai yi wa jama'a hidima wanda 'ya'yansa suke marmarin zama da shi.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini a wasiƙarka, wato shekara biyun da ka ambata. Idan tare da wannan tunani barcinka ya lalace, ko cin abinci ya fita ranka, ko abin da ka saba jin daɗinsa ya daina burge ka har tsawon mako biyu ko fiye, to waɗannan suna cikin alamomin ciwon damuwa, kuma ya kamata ka ga likita tun kafin ka fara neman yaron da za ka koyar. Ka sake rubuto mana bayan wata ukun, ina so in ji wanda ka zaɓa.