Shin fim yana iya kamo ruhin littafi?

Tambaya: Ina son tsofaffin littattafan ƙagaggun labarai, amma duk sanda na kalli fim ɗin da aka ɗauko daga ɗayansu sai in ji an rage mini wani abu. Akwai fim ɗin da ya taɓa kamo ruhin littafi kuwa?

Amsa: Akwai, sai dai ba kasafai ake samunsa a wurin waɗanda suka bi littafin shafi da shafi ba.

A wajen masu shirya fim, shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo. Fim na awa biyu bai wuce shafi 120 ba, alhali littafin yana iya ninka haka sau huɗu. Dole a yanke. Yankan ma ba shi ne babbar asara ba. Abin da ya fi ɓacewa shi ne muryar mai ba da labari da abin da ke zuciyar tauraron, domin kyamara fuska take gani.

Duba Pride and Prejudice na Jane Austen, wanda ya fito a 1813. A tsakiyar littafin Elizabeth, tauraruwar labarin, tana karanta wasiƙar Darcy, mutumin da ya nemi aurenta ta ƙi shi, ta ƙi yarda, ta sake karantawa, har kunya ta rufe ta da ta gane ta yi masa mummunan zato. A allo kuwa mace ce riƙe da takarda. Shirin BBC na 1995, mai kashi shida, ya sa muryar Darcy tana karanto wasiƙar, ana nuno abubuwan da suka faru a baya. Ya taimaka ƙwarai, amma zolayar da Austen ke yi wa mutanen littafinta cikin ruwan sanyi ba ta fito duka ba, kuma ni a wurina nan daɗin littafin yake.

Ga kuma fim ɗin Apocalypse Now na 1979. Coppola, daraktan fim ɗin, ya ɗauko littafin Heart of Darkness na Joseph Conrad, ya raba shi da Kongo, inda labarin ya faru, ya kai shi yaƙin Biyetnam. Zamani ya canja, ƙasa ta canja, amma firgicin tafiya cikin kogi zuwa ga mutumin da iko ya lalata yana nan daram.

In za ka kalli irin wannan fim, bar ƙirga abin da aka cire. Tuna yadda zuciyarka ta kasance da ka rufe littafin, ka duba ko fim ɗin ya kai ka wurin.