Filin Tambayoyin Kwamfuta: Shin Ya Dace A Sabunta Management Engine da BIOS?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi laftof ta hannu, ƙirar Lenovo ThinkPad, wadda aka shigo da ita daga Turai. Da na buɗe manhajar Lenovo Vantage sai ta nuna mini sabuntawa guda biyu, ɗaya an rubuta BIOS, ɗaya kuma Intel Management Engine Firmware. BIOS dai na san sunansa, amma na biyun ban taɓa jin labarinsa ba. Mai gyaran da nake kai wa aiki ya ce in rabu da su tunda kwamfutar lafiyarta ƙalau, kada garin neman gira a rasa ido. Shin shawararsa daidai ce? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Tsoron mai gyaranka yana da tushe, domin shi ake kai wa kwamfutocin da suka ƙi tashi bayan an katse musu irin wannan aiki a tsakiya. Duk da haka ban goyi bayansa ba, kuma dalilina yana cikin sanin mene ne Management Engine ɗin.

A kan babban allon kwamfutarka, wanda masu gyara ke kira madabod, akwai wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai cin gashin kanta, da furosesarta daban da manhajarta daban, wadda kamfanin Intel yake sakawa a kusan dukkan allunan da ke aiki da furosesarsa tun daga 2008. Ita ce take farkawa kafin babbar furosesa, kuma ba ta barci gaba ɗaya ko da ka kashe kwamfutar, muddin akwai batir ko caja a jone. Daga cikin ayyukanta akwai taimakawa wajen tayar da na'urar, da riƙe wasu makullan tsaro, sannan a kwamfutocin ofis masu tambarin vPro ita ce take bai wa ma'aikacin kamfani damar shiga na'urar daga nesa ya gyara ta, ta hanyar abin da ake kira AMT. Daga fitowa ta 11, wadda ta zo da furosesoshin Core zubi na shida a 2015, an gina manhajarta a kan MINIX, tsarin da Farfesa Andrew Tanenbaum na Amsterdam ya fara rubutawa domin koyar da ɗalibai. Shi kansa sai a 2017 ya ji labarin inda aikinsa ya kai, har ya rubuta wa Intel buɗaɗɗiyar wasiƙa a kan haka.

Wannan manhaja ba a cikin ma'ajiyar fayilolinka take zaune ba. Tana cikin wani ɗan guntu mai ƙafafu takwas a kan allon, wuri ɗaya da BIOS, wato manhajar da take tayar da kwamfutar kafin Windows ya hau, kowanne da sashensa. Saboda haka ko ka goge Windows ka sake ɗora sabo, tana nan yadda take, kuma manhajar kashe ƙwayar cuta ba ta iya leƙa cikinta. Idan aka gano ɓaraka a nan, sabuntawa ce kaɗai take toshe ta. An kuwa sha ganowa. A watan Mayun 2017 Intel ya amsa cewa akwai kuskure a AMT da ke bai wa wanda yake kan hanyar sadarwa ɗaya da kwamfutar damar shiga ba tare da kalmar sirri ba. A watan Nuwamba na shekarar kuma, bayan binciken masanan kamfanin Positive Technologies na Rasha, ya fitar da sanarwar Intel-SA-00086 game da wasu kurakuran da suka shafi furosesoshin Core zubi na shida da na bakwai da na takwas. Ka lura, waɗannan su ne zubin da aka fi gani a cikin ThinkPad da Latitude da EliteBook na hannu da ake sayarwa a kasuwanninmu, kuma kwamfutocin ofis ne tun asali.

Don haka ka sabunta, amma da sharuɗɗa. Intel ba ya miƙa wa mai kwamfuta wannan manhaja kai tsaye. Yana ba kamfanin da ya ƙera na'urar ne, shi kuma ya daidaita ta da allonsa ya fitar. Abin da Vantage ya nuna maka daga Lenovo yake, wannan shi ne hanyar da ta dace. Idan kuwa da hannu za ka sauke daga shafin kamfanin, ka duba lambar ƙirar da ke manne a ƙasan laftof ɗin, kada ka dogara da sunan da mai shago ya gaya maka, domin T480 da T480s harafi ɗaya ne ya raba su amma allunansu daban ne. Kada kuma ka rikita wannan da direban Intel Management Engine Interface da ke cikin Windows, wanda aikinsa kawai haɗa Windows da waccan 'yar kwamfutar. Sabunta direban bai sabunta manhajar allon ba, sai dai galibi ana bukatar a fara ɗora shi kafin babban aikin ya yiwu.

Kafin ka danna komai, ka duba ko BitLocker, tsarin Windows da ke kulle ma'ajiyar fayiloli da makullin sirri, yana kunne. Idan yana kunne, ka nemo makullin ceto mai lambobi 48, ka rubuta shi a takarda, sannan ka dakatar da BitLocker na ɗan lokaci, domin canjin BIOS yakan sa Windows ya ɗauka an taɓa na'urar ya nemi wannan makulli, wanda idan babu shi fayilolinka sun kulle ke nan. Ka cika batir, ka bar caja a jone. Idan aikin ya fara za ka ga fuskar ta yi baƙi, fanka ta ɗaga murya, kwamfutar ta mutu ta tashi da kanta sau biyu ko uku, wani lokaci har da ɗan ƙara. A wannan gaɓar ne mutane suke firgita su danna maɓallin kashewa, kuma wannan dannawar ce take kai na'urar teburin mai gyara. Ka ɗauke hannunka har sai Windows ya dawo. Ka sani kuma cewa Management Engine yana da lambar tsaro da ke hana komawa tsohuwar fitowa a yawancin lokuta, shi ya sa ba a yin gwaji da fayil ɗin da ba a san asalinsa ba. Bayan an gama, ka danna F1 yayin tashi ka shiga BIOS, shafin farko zai nuna maka lambar fitowar duka biyun, kuma tunda ba ka bukatar AMT, ka kashe shi daga nan.

TAMBAYA: Ina da shagon buga takardu da kwamfutocin tebur guda huɗu waɗanda aka harhaɗa mini, uku Intel ɗaya AMD Ryzen. Wutar unguwarmu ba ta da tabbas, muna yawan komawa kan janareta. Yaya zan yi wannan aiki lafiya, kuma ita AMD ɗin tana da irin wannan abu? Daga wata 'yar kasuwa a Gusau.

AMSA: Hajiya, kwamfutar tebur ba ta da batirin da zai riƙe ta, saboda haka kada a fara sai an jona ta da UPS mai lafiyayyen batir ko inbata mai cikakken caji, kuma a guji lokacin da ake sa ran sauyawa tsakanin janareta da wutar gari. Sunan allon yana rubuce a jikinsa, a allunan Gigabyte ma har da lambar bita a kusurwa, kamar rev. 1.0, wadda dole ta dace da fayil ɗin da za a sauke. A sa fayil ɗin a filashi mai tsarin FAT32, a yi aikin daga cikin BIOS da kayan da kamfanin ya tanada, wato EZ Flash a ASUS, Q-Flash a Gigabyte, M-Flash a MSI. A fara da kwamfuta ɗaya, a yi kwana biyu ana aiki da ita, sannan a taɓa sauran. Sau da yawa saitunan BIOS suna komawa na asali bayan sabuntawa, don haka a ɗauki hotonsu da waya tukuna.

AMD tana da nata, ana kiransa Platform Security Processor, kuma gyaransa yana zuwa ne a cikin sabon BIOS, ba sai an nemi wani fayil daban ba. Idan kuma a cikin ukun akwai mai furosesar Core zubi na 13 ko na 14, to kada a jinkirta, domin a 2024 Intel ya fitar da gyara ta hanyar BIOS saboda matsalar wuta mai yawa da ke lalata waɗannan furosesoshi sannu a hankali. Gyaran yana kare wadda ba ta lalace ba, amma ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu.

TAMBAYA: Ina koyon gyaran laftof. Na rubuta wa wata na'ura fayil ɗin BIOS da aka kwafo daga irinta, ta amfani da CH341A, 'yar na'urar da ake karanta guntun BIOS da rubuta shi da ita. Ta tashi, amma tana daɗewa kafin ta nuna hoto, kuma tana mutuwa da kanta bayan minti talatin. Mene ne dalili? Daga wani mai koyon sana'a a Maraɗi.

AMSA: Malam, minti talatin ɗin nan alama ce da masu gyara suka sani, domin haka allunan Intel da yawa suke yi idan sashen Management Engine ya lalace ko bai dace da allon ba. Fayil ɗin da ka kwafo yana ɗauke da bayanan da Management Engine na waccan na'urar ya rubuta wa kansa, shi ya sa ake bukatar a musanya sashen da tsaftatacce mai fitowa iri ɗaya kafin a rubuta. Ka duba kuma lambar siriyal da lasisin Windows, domin mai yiwuwa na waccan na'urar ne suka hau kan wannan. Idan ka adana abin da ke cikin guntun kafin ka goge shi, daga nan za a dawo da su. A gaba, ka karanta guntun sau biyu ka tabbatar kwafin biyu sun zo ɗaya kafin ka goge, kuma ka duba lambar da ke jikinsa, domin wasu guntayen na bolt 1.8 ne, suna bukatar adafta kafin a jona su da CH341A.